Hasken da Na Kunna wa Baba a Baya

Akwai abubuwan da suka same ni waɗanda sai an tuna mini nake tunawa, amma wannan kam ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin zai bar kaina. Hoto ɗaya na gyara a kwamfuta, hoton mahaifina, sai ga tabarmi an shimfiɗa a ƙofar gidanmu a Fagge ana karɓar gaisuwar mutuwarsa, shi kuwa yana can wajen tashar jirgin ƙasa yana duba dilolin shadda. Har yau in aka taru a gida aka tayar da zancen, ni kowa yake nunawa da baki. Ni kuma har yau ban ga abin da na yi ba. Hoton ya yi kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunata ya yarda.

Sai na fara da Gwaggo, don in ba a san ta ba ba za a gane komai ba. Asalinmu mutanen Barno ne. Kakana ne ya zo Kano fatauci ya zauna a Fagge, a nan aka haifi Baba da yayarsa Gwaggo, su biyu kaɗai uwarsu ta bari. Aure ya mayar da Gwaggo Maiduguri. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, ni ko haihuwata ba a yi ba, Gwaggo tana da tsohon ciki, sai Baba ya yi abin da kowa yake yi a wajenmu in za a sanar da na jiki mutuwa. Ya aika mata cewa jikin Inna ya ɗan motsa, in ta samu hali ta zo. Ita kuwa Gwaggo ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ta zauna ta yi kwanaki tana haɗa wa mara lafiya tsaraba, busasshen kifi da man shanu da turaren wuta, ta iso Kano da kayanta niƙi-niƙi ta tarar har an yi sadakar bakwai an watse. Umma ta ce a zaure ta sauke kayan, ba ta yi kuka ba, ba ta ce wa kowa komai ba, washegari ta koma. Tun daga ranar ba ta sake taka gidanmu ba, ba ta kuma sake yi wa Baba magana ba.

Mun tashi mun tarar da abin haka. Kowace sallah Baba yana aika mata atamfa, a karɓa ba godiya. 'Ya'yanta muna zumunci da su a waya, amma ita ko sunansa aka ambata sai ta tashi ta bar wajen. Baba ba mutum ne mai yawan magana ba, sai dai na sha jin sa bayan ya idar da salla yana cewa a hankali, “Allah kada ka ɗauki ɗayanmu a haka.” Dukansu sun tsufa, ita ga hawan jini, ga idonta ya fara yana. Abin da yake tsoro kenan, kuma mu ma da muke yara mun san shi yake tsoro.

To, ni a lokacin na gama makaranta ina zaman jiran abin yi, sai na nace aka bar ni koyon gyaran hoto a wani shagon hoto a Sabon Gari. Mai shagon Kirista ne mutumin wajen Zariya, Hausarsa ta fi tawa daɗi, kowa Oga yake ce masa, shi kuma 'yar Fagge yake kirana. Kullum da safe in hau adaidaita in tsallaka, da yamma in dawo idona yana yaji. Na koyi goge ƙuraje, na koyi gyara hasken amarya, na koyi cire wanda ya leƙo cikin hoton biki ba a gayyace shi ba. Amma abin da ya tafi da hankalina shi ne wani haske da Oga yake sa wa mutum ta baya, ka ga mutum ya fito fes kamar gari na wayewa a bayan kansa. A Sabon Gari kowa so yake a yi masa. Amare, masu bikin ranar haihuwa, mawaƙan coci, har jarirai. Na dame shi sai da ya zaunar da ni ya nuna mini.

Da farko sai ka yanke mutum daga inda yake tsaye, ka bi gefen jikinsa a hankali kamar tela da almakashi, har ka raba shi da bango. Kowane abu da nasa shafin, Oga yana ce musu leya: mutum a tasa leyar, bango a tasa, hasken kuma a tsakaninsu. Sai ka dusashe bangon ya yi duhu-duhu, ka ɗauko burushi mai laushi ka ɗiga fari mai ɗan ruwan ƙwai daidai bayan kai, ka baza shi har gefensa ya narke, kada a ga inda ya fara da inda ya ƙare. Daga nan ka dawo kan mutumin, ka bi kafaɗa da kunne da bakin hula da wani siririn haske, yadda za a ce rana ce ta taɓa su ta baya. Abu na ƙarshe shi ne wanda ban so ba ko kaɗan, wai sai an rage hasken fuska.

Na ce, “Haba Oga, mutum ya zo a ƙawata shi, sai kuma a duhunta masa fuska?”

Ya ce, “'Yar Fagge, je ki tsaya a bakin ƙofa.” Na je na tsaya, rana tana bayana. Ya ɗauke ni da wayarsa ya nuna mini. Ba ido ba hanci, sai baƙin abu da mayafi, gefensa yana ƙyalli. Ya ce, “Kin gani? Haka Allah ya yi abin. In haske yana bayan mutum, fuskarsa ba ta ganuwa. In kika bar fuska tana haske, baya ma yana haske, ko yaro zai gane ƙarya ce. Je ki nemo mai farin gemu ki gwada, gemu ya fi komai wuyar yanka.”

Mai farin gemu kuwa ina da shi a gida. Ranar Juma'a Baba ya fito cikin farar babbar riga da farar hula zai tafi masallaci, na tare shi a tsakar gida. Baba ba ya son hoto, don haka ya ƙi kallon wayar, ya ɗaga kai yana duban sama yana cewa in yi sauri kada ya rasa sahun gaba. A lokacin murna na yi, na ce wannan tsayuwa ko a fim sai haka.

Ranar Asabar da hantsi na zauna a kan hoton. Gemun nan ya ba ni wuya, sili-sili na bi shi har wuyana ya ƙage. Da na gama na ja baya na kalla, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ga Baba cikin farare, yana duban sama, haske yana fitowa ta bayan hularsa yana bin gemunsa. Oga ya leƙo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kin iya.” Mutumin da bai taɓa yaba mini ba. Nan take na tura hoton wayata na ɗora a sitatus, na kuma jefa shi a gurup ɗin dangi. Ban rubuta komai ba, don a ganina hoto irin wannan ba ya bukatar surutu. Sai na jefa wayar a aljihun tebur, saboda dokar Oga ce ba a taɓa waya ana aiki, na shiga hotunan wani biki.

Sai bayan azahar na ɗauko ta. Na tarar da kira rututu, na dangi da na ƙawaye da lambobin da ban sani ba. Saƙonni kuwa duk iri ɗaya ne. Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya sa ya huta. Babu wanda ya faɗi ko wane ne. Na yi ta ja sama da ƙasa ina neman suna, ko kusa hoton bai zo mini a rai ba. Na kira Umma. Tana ɗauka na ji gidan ya cika da koke-koke.

Na ce, “Umma, lafiya? Wa ya rasu?”

Ta ce cikin kuka, “Ni kike tambaya? Ke da kika fara ji ba ki iya kirana ba, sai a bakin maƙwabta zan ji? Wane asibiti aka kai shi?”

“Wa, Umma?”

“Babanku mana!”

Mutumin da na bari da safe yana shan kunu yana faɗa a kan an ɓatar masa da carbi. Kuma wai ni ce na fara ji. A ina na ji? Wa ya gaya mini? Na yi ta juya maganar, har na fara zargin kaina ko an kira ni an faɗa mini ne hankalina ya gushe na manta. Oga ya rufe shago ya tare mana adaidaita, ya raka ni. Tun daga Sabon Gari har Fagge kuka nake yi, shi yana ta cewa in yi haƙuri, mai adaidaita ma yana taya shi.

Muka tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan unguwa sun zazzauna. An kira wayar Baba a kashe. An aika shagonsa a kasuwar Kwari, maƙwabtansa suka ce tun hantsi ya fita bai dawo ba, su ma ga su nan sun rufe shaguna sun biyo ɗan aiken. An tura samari asibitoci neman gawa. Ina sauka aka yi caa a kaina, kowa yana tambayata inda yake, ni kuma ina tambayarsu. Liman ya ce a bar yarinya ta nutsu, gigita ce. Na shiga wajen Umma muka rungume juna, tana ce mini in faɗa mata gaskiya za ta iya ɗauka, ina ce mata ita ta faɗa mini.

Muna cikin haka sai muka ji waje ya yi tsit, sannan aka kwashi salati, sai ƙarar takalma. Na leƙa ta zaure. Baba ne ya sauko daga adaidaita da ledar lemo a hannu. Ya ga tabarmi a ƙofar gidansa, ya ga jama'a, sai ya ajiye ledar, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Rabin mutanen sun riga sun miƙe, wani tsoho har ya bar hularsa. Baba ya dubi liman, na ga fuskarsa ta sauya.

Ya ce, “Malam, kada ka ɓoye mini. Yaya ce?”

Da ƙyar liman ya ce, “Alhaji, ai kai ne.”

Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara shi ba, don ni kaina ban san wa ya fara dariya wa ya ci gaba da kuka ba. Umma ta fito ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya tana kallonsa. Baba yana ta tambaya wa ya ce ya mutu, kowa yana nuna na kusa da shi, har aka zo kan wani maƙwabcinmu da ya zaro waya ya ce shi dai ga abin da ya gani. Ya ɗaga ta sama. Sai ga hotona, da gemun da na sha wuya a kansa.

Na ce, “To wannan ai ni na yi. Me ya yi?”

Maƙwabcin ya ce, “'Yata, mutum cikin farare, yana duban sama, ga haske a bayansa, ba a rubuta komai ba, kuma 'yarsa ce ta saka. Mu duk wanda muka gani a haka a waya, to ya riga mu gidan gaskiya. Cewa muka yi kuka ne ya hana ki rubutu.”

Na ce ado ne, a Sabon Gari har jarirai ake yi wa. Na juya wajen Oga ya ba da shaida. Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ne, ana yi wa amare da jarirai, sannan ya ƙara da cewa, a hankali, “Amma fa muna yi wa mamata ma.” Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya kalla, ya ce shi bai ga mutuwa a nan ba, ya dai ga an sa shi ya yi baƙi. Aka naɗe tabarmi, aka raba lemon, kowa ya tafi yana ba wani labari.

Na ɗauka an gama, ashe ba a fara ba. Wajen la'asar babbar 'yar Gwaggo ta kira ni daga Maiduguri. Ta ce tun da rana wata jika ta nuna wa Gwaggo hoton. Idonta bai ga komai sosai ba sai fari da haske, ta tambaya wane ne, aka ce ƙaninta ne na Kano. Ta ajiye abincin da ke hannunta, ta shiga ɗaki ta hau haɗa kaya.

Na ce, “To Anti, ku gaya mata lafiyarsa ƙalau mana. Ga shi nan yana alwala.”

Ta ce, “Mun gaya mata. Ta ce haka aka ce mata lokacin Kaka.”

Nan na fara gane irin ramin da muka faɗa. Duk abin da za a faɗa wa mutum don a tabbatar masa ɗan'uwansa yana raye, shi ne dai abin da ake faɗa masa in ana ɓoye masa mutuwa. Muka ce yana nan lafiya, ta ce ta san wannan. Muka ce ta kwantar da hankalinta ba sai ta zo ba, ta ce wato har an binne. Umma ta ce to ta zo ta gani da idonta, ta ce yauwa, ga gaskiya ta fara fitowa. Aka kai mata waya a kunne don ta ji muryarsa ta ture, ta ce shekarun da ta yi ba ta ji muryar yaron nan ba, ko wa aka sa ya yi magana ba za ta bambance ba. Yaron nan take ce masa, mutumin da gemunsa ya yi fari fat.

Sai na ce bari in yi abin da na iya. Na tura ainihin hoton da ban taɓa ba, na yi wa Anti bayanin leya da burushi dalla-dalla don ta fahimtar da ita cewa ni na ƙirƙiri hasken. Sannan na lallaɓa Baba na ɗauke shi bidiyo. Ya tsaya ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoton fasfo ya ce, “Yaya, ni ne. Ban mutu ba.” Na tura ina jin na kashe magana. Ba a jima ba Anti ta kira, muryarta a gajiye. Ta ce Gwaggo ta saurari bayanina tsaf, sannan ta ce yarinyar da ta iya kunna wa ubanta fitila a baya da inji, motsa masa baki zai gagare ta?

Na zauna a tsakar gida da waya a hannu, gwanintar da nake taƙama da ita ta zama ita ce hujjar da ta rushe duk wata shaida da zan kawo. Anti ta ce ta ƙi cin abinci, ta ƙi shan maganinta, ta rantse da asuba za ta hau mota ko da wanda zai raka ta ko babu. Tsohuwa mai hawan jini, a wannan doguwar hanya, da baƙin ciki a zuciya. Baba da ya ji sai ya ce, “In wani abu ya same ta a hanya, sau biyu kenan na kashe ta.” Ban taɓa jin ya yi magana irin wannan ba, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Washegari Lahadi gidanmu ba wanda ya iya zama. Anti tana tare da ita a mota, duk garin da suka wuce sai ta turo mini saƙo, ni kuma in sanar. Umma ta rasa ko girkin baƙi za ta yi ko me, don ba ta san da wace fuska ake tarbar wadda ta zo gaisuwar mutumin da ke zaune a ɗaki ba. Baba ya sa riga ya cire, ya sa wata ya cire, ƙarshe ya koma cikin fararen nan na Juma'a, wai su ne masu guga. Da aka kira la'asar ya tafi masallaci, aka idar kowa ya fito shi bai fito ba. Na san tsoro ne ya riƙe shi.

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da adaidaita ya tsaya a ƙofar gida. Karo na farko kenan da na ga Gwaggo ido da ido. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin lafaya mai duhu, hancin Baba sak, tana dafe da kafaɗar Anti. Ba ta riƙo komai ba, ko ƙullin goro. Ta shigo zaure ta tsaya, ta dubi tabarmin jiya da aka jingine a lungu, ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar da take jira. Umma ta durƙusa ta gaishe ta ta ce su shiga ciki. Ta ƙi. A nan ƙasan zauren ta zauna, ta jingina da bango tana fuskantar ƙofa.

Ta ce, “Ina aka kai shi?”

Umma ta ce, “Yaya, wallahi yana masallaci. Yanzu zai shigo.”

“Har yanzu ba ku gaji ba?” Ta faɗa ba faɗa ba tsawa. “Na ga tabarmi. Ku bar wahalar da kanku.” Ta murza bakin lafayarta, sannan ta ce, “A nan na sauke kayana wancan karon. Na san don cikin da ke jikina ya yi. Tun a mota da zan koma na sani. Amma na riga na yi fushi, na rasa ta inda zan sauko, shekara ta bi shekara. Kullum ina cewa sallah mai zuwa zan kira shi.” Ta juyo wajenmu. “Ku shaida, ke matarsa da ke 'yarsa, na yafe masa duniya da lahira. Ni ce ban samu wanda zan roƙa ba.”

Ƙofar gidanmu yamma take kallo, da yamma rana har tsakiyar zaure take shigowa. Gwaggo tana rufe baki sai hasken ya ragu, wani ya tsaya a bakin ƙofa. Muka ɗaga kai. Baba ne, ashe ya jima a waje yana ji. Rana tana daidai bayan hularsa, ta bi kafaɗunsa da gefen gemunsa da wani siririn haske, fuskarsa kuwa baƙi ƙirin ba a ganin komai. Hotona ne sak ya tsaya a ƙofa, har ya fi nawa kyau.

Gwaggo ta ƙwalla salati ta manne da bango, tana neman tsari. Baba ya ce, “Yaya,” ta ƙara toshe fuska. Umma da Anti suka rikice suna rantse-rantse, shi kuma ya kafe a wajen ya kasa gaba ya kasa baya. Kwana biyu ina cikin ruɗani ban gane komai ba, amma wannan kam na gane shi, don an taɓa tsayar da ni a bakin ƙofa an nuna mini. Na tashi na kama hannun rigar Baba na jawo shi ciki, na zagaya da shi gefe na juya shi, har ranar ta sauka a fuskarsa. Na ce, “Durƙusa, Baba, ba ta ganin ka.”

Ya durƙusa a gabanta. Ga tabon goshinsa, ga idonsa ya yi ja, ga hawaye yana bin gemu. Gwaggo ta sauke hannu a hankali. Ta matso da fuskarta dab da tasa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kai hannu ta kama kunnensa ta murɗa, da ƙarfi kuwa, har sai da ya ce wash.

Ta ce, “Ka tsufa, yaron nan.”

Ya ce, “Ke ma, Yaya.”

Suka yi kuka, mu ma muka taya su. Da ta nutsu ta sha ruwa ta haɗiyi maganinta, sai ta gyara zama ta ɗaure fuska ta ce, “Yafiyar nan fa da na yi, mamaci na yi wa.” Baba ya share ido ya ce, “Ai kuma an riga an shaida, Yaya.” Ta harare shi, ta nemi ta riƙe dariyar ta kasa. Sannan ta tambaya wace ce mai injin, aka nuna ni. Ta kira ni ta dube ni sama da ƙasa ta ce Allah ya shirye ni, ta kuma riƙe hannuna ba ta saki ba har aka kira magariba.

Ta yi makonni a gidanmu kafin ta koma, daga nan kuma kusan kullum suna kan waya, yawanci faɗa suke yi a kan wanda ya fi tuna abin da ya faru suna yara. Kafin ta tafi ta sa Baba ya yi mata alkawari a gabanmu, ita ma ta yi masa, cewa duk wanda wani abu ya sama a faɗa wa ɗayan gaskiya tsirararta. Bayan 'yan shekaru da ciwonta ya tashi, Anti ta kira Baba ta ce masa, “Kawu, likita ya ce ba lallai ta tashi ba.” A ranar ya hau mota. Yana riƙe da hannunta ta cika.

Da za a sanar da rasuwarta dangi suka ce in yi mata hoto irin mai hasken nan, tunda ni ce gwana. Baba ya ce a'a, a bar mata fuskarta yadda take. Na tura wanda na ɗauke su tare a tsakar gida, rana tana gabansu, ta kama masa kunne suna dariya, na kuma rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe abin da ya faru, kada wani ya yi hasashe.

Har yanzu sana'ata kenan, kuma har yanzu ina sa wa amare haske a baya in sun nema. Abin da na koya dai shi ne, in ka ɓoye wa mutum gaskiya don tausayinsa, ranar da za ka zo masa da ita ba lallai ya karɓa ba, ko da ka rantse. Na kuma koyi cewa maganar da kake ajiye wa mutum sai ya mutu, gara ka faɗa masa tun kunnensa yana ji. Gwaggo ta yi sa'a, nata mamacin yana bakin ƙofa yana saurare.